Takardar da na rubuta wa ɗan ƙanwata

Assalamu alaikum. Ni tsohon soja ne, amma ba irin wanda yara ke kewayewa da daddare don jin labarin harbe-harbe ba. Na riƙe bindiga kamar kowa, na kwana gadi, na je Laberiya lokacin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Yammacin Afirka, sai dai mafi yawan shekaruna cikin kaki a kan kujera suka ƙare, gaban tafireta, daga baya kwamfuta. Akawun bataliya ne ni. Duk sojan da ya yi laifi a rundunarmu, kafin a tsayar da shi gaban kwamanda sai lambarsa da muƙaminsa da sunansa sun bi ta ƙarƙashin yatsuna. Iyaye da yawa in ɗansu ya shiga soja harsashi kawai suke tsoro. Ni kuwa a wuraren da na yi aiki, mutanen da na ga takarda ta tuɓe wa kaki sun fi waɗanda muka rasa a filin daga.

A bariki aka haife ni. Mahaifina kofur ne, cikin waɗanda aka ɗauka a gurguje lokacin yaƙin basasa, tsakanin 1967 da 1970, ya kuma zauna a aikin bayan an gama. Tun ban san mece ce doka ba na san gadurum, ɗakin da ake kulle sojan da ya yi laifi. Muna hanyar makaranta sai mu ga 'yan gadurum an yi musu tal kwabo, ba hula ba bel, suna saran ciyawa da langalanga, wani yana tsaye a kansu. Wata rana uban abokinka ne a ciki, dole ka kau da kai kamar ba ka gan shi ba. Ko rigimar mata a bakin famfo ba ta tsayawa a kan mata. Magajiya za ta yi sulhu, in abin ya fi ƙarfinta ta kai wa RSM, wato babban samanjan bataliya, shi kuma mazajen zai kira. Babana in ya dawo da yamma yakan ce wa innarmu, "Ki rufa mini asiri da matan nan, igiyar nan biyu ta kofur da ƙyar na same ta."

Zamanin Babangida na shiga, ta makarantar horar da kurata ta Zariya, wadda ke nan tun 1924. Abu na farko da ake cusa wa kurtu, tun kafin a ba shi bindiga, shi ne ya bi umarni tukuna, in yana da ƙorafi ya kawo daga baya. Tsallen kwaɗo da birgima cikin taɓo da sauran gwale-gwale duk wannan darasin suke koyarwa. Da yake na yi sakandare, kuma na taɓa koyon buga tafireta a wani shago a garinmu, ba a daɗe da tura ni bataliya ba aka ja ni ofis.

A ofis na fara sanin cewa soja dokoki biyu ke kansa. Duk abin da ya hau farar hula ya hau shi, sannan ga tasa ta daban. Lokacin da na fara, da dokar sojan ƙasa ta 1960 muke aiki, wadda aka ɗauko kusan dukkanta daga ta sojan Ingila. A 1993 aka yi doka mai lamba 105, ta haɗa sojan ƙasa da na ruwa da na sama a ƙarƙashin doka guda, ita ce har yau ake kira Dokar Rundunonin Soja, babi na A20 a kundin dokokin tarayya na 2004. Mu akawuna mun sha wahalar wannan canji, don lambobin da muka haddace duk sun sauya, sai da muka sake hadda. Har yanzu in ka tashe ni daga barci zan jero maka su. Sashe na 54 rashin ladabi ga na gaba, 56 ƙin bin umarnin da aka ba ka kai tsaye, 59 barin aiki ba izini, wato awol, 60 gudu daga soja gaba ɗaya, 64 maye. Har neman matar abokin aiki da sashensa. Sai kuma 103, aikata abin da zai zubar da ɗa'ar aiki. Wannan sashe buhun 'yan gwangwan ne, komai aka jefa yana shiga. In oga ya ce a caji yaro, muka duba muka rasa sashen da ya dace, sai babban akawu ya ɗago kai ya ce, "Sa masa 103."

Jama'a in sun ji an ce shari'ar soja, kotun soja ce ke zuwa musu a rai, irin wadda ake ji a rediyo. Amma sojoji kaɗan ne ke kaiwa can. Kusan kowa a ofishin kwamandansa ake yi masa shari'a, abin da muke ce wa oda. Ga yadda take. Da safe na riga na buga takardar tuhuma na kai wa ajitan, hafsan da ke kula da ofishin kwamanda. Mai laifi yana tsaye a baranda an karɓe hularsa da bel ɗinsa, da mai rakiya a gefensa, shaidu a bayansa. Da kwamanda ya ce a shigo da shi, RSM zai daka tsawa, a shigar da su da sassarfa, lef-rai lef-rai, takalma na dukan siminti, a tsayar da shi ƙiƙam gaban tebur yana haki. A karanta masa laifinsa, a tambaye shi ya aikata ko bai aikata ba, shaidu su yi magana, a ba shi dama ya kare kansa. Ka dubi yaro ɗan ƙauye da bai cika jin Turanci ba, zuciyarsa na bugawa, ga anini na ƙyalli a kafaɗar wanda ke kallonsa, ga RSM na huci a ƙeyarsa. Wace kariya zai yi? Da yawa "yes sa" kawai suke cewa har a fitar da su, sai a waje su tambaye ni me aka yanke musu.

Ba lauya a oda. Kwamanda shi ne alƙali, wani lokaci ma umarninsa ne aka ce an ƙi bi. Yana iya yin gargaɗi, ko ƙarin aiki, ko hana fita bariki, ko yanke albashi, ko cire igiya, ko gadurum da aiki mai tsanani har kwana 28. Kuma in kofur ne ko ƙasa da haka, kwamandan bataliya yana iya korarsa daga aiki nan take. Wani abu da ya daɗe yana ci mini rai shi ne sashe na 117. Ya ce ba za a yi wa hafsa ko samanja irin wannan shari'a ba sai an tambaye shi ko ya fi son a kai shi kotun soja. Kurtu da las kofur da kofur da saje ba su da wannan zaɓi. Wato wanda ya fi ilimi, ya fi sanin mutane, shi aka ba ƙofar fita, wanda bai san komai ba aka bar shi da tebur.

Na yi aiki da kwamandoji iri-iri. Akwai wani, Allah ya jiƙansa in ya rasu, in yana raye Allah ya ƙara masa lafiya, da aka kawo masa wani las kofur da ya wuce ranar dawowa daga fas, wato izinin zuwa gida, da kusan mako biyu. Yaron ya ce ya aikata, bai ƙara ko kalma ba. Kwamandan ya dube shi ya dube shi, ya ce a ɗage shari'a, ya sa RSM ya bincika. Ashe matarsa ce ta rasu wajen haihuwa, ya tsaya neman wadda za ta shayar da jaririn, kuma kunya da tsoro suka hana shi faɗa. Washegari aka sake shigar da shi, aka same shi da laifi, don laifin ya tabbata, aka yi masa gargaɗi kawai. Da za a fita da shi kwamandan ya zaro kuɗi daga aljihunsa ya ba RSM ya ce a sayi madara. Akwai kuma wanda na ga ya kori mutum mai shekara goma sha wani abu a aiki tun shayin da ke gabansa bai huce ba. Doka ɗaya, littafi ɗaya, tebur iri ɗaya. Abin da ya bambanta kawai halin wanda ke zaune.

Kora kuwa ba ƙaramin abu ba ce. Ni nake buga siginar. Layi biyu ko uku ne, amma a cikinsu albashi ya tsaya, fansho da garatuti sun tafi, a karɓe kaki da katin shaida, a ba iyali wa'adin barin ɗaki. Na sha ganin mata tana ɗaure tukwane a zane, yara an cire su daga makarantar bariki a tsakiyar zango, maƙwabta suna leƙe ta taga ba mai iya fitowa ya yi sallama don kada a ce yana goyon bayan mai laifi.

Kada wani ya ɗauka ina kushe horon soja ne. Wanda ya je Laberiya a shekarun 1990 ya ga abin da bindiga ke yi a hannun wanda ba mai tsawata masa. Yara ƙanana a shingen hanya, sun sha ƙwaya, suna yanke wa mutum hukunci saboda agogon hannunsa. A gida ma na ga sojan da ya bugu a kasuwar mami, wato kasuwar bariki, ya ɗana bindiga saboda canjin kuɗi, ba don masu jar hula, 'yan sandan soja, sun yi ta maza sun danne shi ba da an kwashi gawa. Irin wannan in an kai shi gadurum ko an kore shi, ni da hannuna zan buga takardar in yi barci lafiya. Mutum dubu masu makami ba sa zama wuri ɗaya sai da tsoron wani abu. Abin da nake cewa shi ne wuƙar tana da kaifi ƙwarai, kuma an fi sa ta a wuyan na ƙasa.

Kotun soja kuwa na san ta ne lokacin da aka ɗauke ni aro in riƙa buga bayanan zama. Na shiga da fargaba, na fito da wani tunani daban. Babban kwamanda ne ke ba da umarnin kafa ta, ya zayyana sunayen waɗanda za su zauna. Babbar kotu tana da shugaba da aƙalla mambobi huɗu, ta musamman shugaba da aƙalla biyu, dukkansu hafsoshi. A gefe akwai hafsa lauya mai ba kotu shawara kan doka, shi ba ya jefa ƙuri'a wajen yanke hukunci, amma shi ke nuna musu abin da doka ta ce da hujjar da za a karɓa da wadda za a yar. Kafin a rantsar da kowa sai an karanta wa wanda ake tuhuma sunayen mambobin an tambaye shi ko akwai wanda bai yarda da shi ba. Ranar da na fara jin an yi wa kofur wannan tambaya sai da na ɗaga kai daga takarda. Yana da damar a ba shi hafsan da zai kare shi, ko ya ɗauko lauyansa daga gari. Na ga lauya farar hula ya tsare manjo da tambayoyi har gumi ya jiƙa masa kwala, abin da a bariki ko a mafarki ba za a yi ba. Na kuma ga an wanke mutum an sallame shi.

In an yanke hukunci ma bai zama na ƙarshe ba sai hukumar da ke sama ta tabbatar, tana iya ragewa ko ta soke. Hukuncin kisa ba a zartar da shi sai shugaban ƙasa ya amince. Bayan haka akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda sashe na 240 na tsarin mulkin 1999 ya ba ikon sauraron ƙara daga kotun soja, daga nan har Kotun Ƙoli. Alƙalan farar hula sun sha rushe hukuncin kotun soja saboda an tsallake ƙa'ida. Ba na cewa ba ta da aibi. Wanda ya kafa kotun shi ya zaɓi mambobinta, kuma yawancinsu ƙarin girmansu na bi ta hannunsa, kowa kuwa ya san abin da oga yake so ko bai furta ba. Duk da haka, in da za a ba ƙaramin soja zaɓi tsakanin kotun da yake jin tsoro da ofishin da ya saba shiga, ni kotun zan nuna masa. A can aƙalla ana rubuta duk abin da aka faɗa, kuma abin da aka rubuta wani zai iya karantawa gobe.

Laifin da ya fi kowanne nauyi a littafin shi ne bore, sashe na 52, wanda hukuncinsa ke kaiwa ga kisa. Mutane suna zaton sai an juya bindiga kan hafsoshi ake kiran abu bore. A doka mutum biyu sun isa. Kai kaɗai in ka ƙi umarni, ƙin bin umarni ka yi. In kuka haɗa baki ku biyu kuka ƙi, an shiga wani babi. Shi ya sa tsofaffin sojoji ke gaya wa yara ko ƙorafin abinci za ka kai, je ka kai kaɗai. Ina cikin aiki aka yi na Akure. A watan Yulin 2008 sojojin da suka dawo daga aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya a Laberiya suka fito kan titi saboda an taɓa musu alawus. A 2009 kotun soja ta yanke wa 27 daga cikinsu ɗaurin rai da rai, daga baya aka mayar da shi shekara bakwai. Hafsoshin da aka samu da hannu a karkatar da kuɗin kuwa rage musu muƙami aka yi. A ofishinmu ba wanda ya ce uffan da aka karanta labarin, kowa ya sunkuyar da kai kan aikinsa, amma da daddare a kasuwar mami ba a yi wata hira ba sai ita.

Na yi ritaya lafiya, na koma garinmu na kama ɗan kiwo da noma, ina ganin na rabu da takardar tuhuma har abada. Kafin in bar aiki ɗan ƙanwata ya shiga soja. Uwarsa ba ta so ba, ni na lallashe ta. Ba a daɗe ba aka tura su arewa maso gabas, lokacin da Boko Haram ke cin gari bayan gari.

Duk wanda ke da ɗa a can ya san yadda 2014 ta kasance. A watan Mayu, a barikin Maimalari da ke Maiduguri, sojoji suka ga an kawo gawarwakin 'yan uwansu da aka yi wa kwanton ɓauna a hanyar dawowa daga yankin Chibok, suka fusata suka buɗe wa motar kwamandan Runduna ta 7, Manjo Janar Ahmadu Mohammed, wuta. Allah ya kiyaye bai mutu ba. A watan Satumba kotun soja a Abuja ta yanke wa 12 hukuncin kisa, ta sallami biyar, ɗaya ta ba shi kwana 28. Wannan ban yi mamaki ba. Duk zafin da ke ranka, ranar da ka harbi motar janar ɗinka ka san abin da ka saya. Wanda ya hana ni barci shi ne na watan Disamba, da aka yanke wa sojoji 54 na Bataliya ta 111 hukuncin kisa saboda sun ƙi fita aikin ƙwato Delwa da Bulabulin da Damboa a watan Agusta. Lauyansu, Femi Falana, ya tsaya a kan cewa makamai suka nema kafin su fita. A wajen littafin da na haddace, tambaya ɗaya ce: an ba ku umarni, kun bi ko ba ku bi ba? Ba sashen da ke tsayar da wanda ya tura yaro gaban motoci masu manyan bindigogi da harsashin da bai kai ya kawo ba, ya tambaye shi dalili.

Ana cikin haka wata rana bayan la'asar ƙanwata ta shigo gidana ko sallama ba ta gama ba. "Yaya, ga ɗanka nan ya dawo, wai an kore shi." Yana bayanta, cikin wata tsohuwar riga ta aro, ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito. Na sa aka ba shi ruwa, na ce uwar ta shiga wajen iyali, muka zauna a zaure.

Ya ce an far musu da asuba. Sun yi ta harbi har harsashi ya ƙare, an nemi ɗauki ba a samu ba, wanda ke jagorantarsu ya ce a janye. Suka bi daji a ƙafa kwana da kwanaki, wasu da raunuka, har suka isa inda 'yan uwansu suke. Bayan wasu makonni aka tara su.

Na ce, "An ba ka takardar tuhuma ka karanta?"

Ya ce, "A'a, Kawu."

"Da wane sashe aka caje ka? Na 47 ne, tsoro a gaban maƙiyi, ko na 62, kasa yin aiki?"

"Wallahi Kawu ban sani ba. A layi aka jera mu, ana shiga da mu rukuni-rukuni. Kafin azahar an gama da mu duka."

"Bindigarka fa?"

"Da ita na dawo. Na miƙa ta, an rubuta."

Nan na ji wani abu ya ɗan sauka daga ƙirjina, don sojan da ya gudu don tsoro bindiga yake fara yarwa, kaki na biye. Amma maganar layin nan ta tsaya mini. Shekarun da na yi ina buga takardun nan, ko na kwamandan da ya fi kowa zafi, ban taɓa barin an shigar da mutum ba tare da sunansa da sashensa da ranar laifinsa a rubuce ba. Ga ɗan cikinmu an raba shi da aikinsa bai ma san sunan laifinsa ba.

Uwarsa ta so mu je wajen wani ɗan siyasa. Na ce ta bari. Doka ta ba soja damar kai kuka ga hukumar da ke sama da wanda ya yi masa shari'a, a sake duba hukuncin. Na zaunar da shi muka yi ta bi dalla-dalla: ranar da aka kai su wurin, su nawa ne, harsashi nawa aka ba kowa, ƙarfe nawa aka fara, wa ya ce a janye, wa ya karɓi bindigarsa da ya dawo. Duk inda ya fara zagi ko ya ce an ce, sai in ce a cire. "Ɗana, abin da idonka ya gani kawai. Takardar da ke da zagi ba a karanta ta har ƙarshe." Na je shagon masu kwamfuta na karɓi kujera na buga da kaina, yaron shagon yana mamakin tsoho da saurin yatsu. Muka aika. Shiru.

Watannin da suka biyo baya su ne masu wuya. Ya karɓi babur haya yana acaɓa. A majalisa wasu su tausaya, wasu in ya ba da baya su ce ga wanda ya gudo daga yaƙi. Yarinyar da aka sa musu rana iyayenta suka fara ja da baya. Da daddare in an buga ƙofa da ƙarfi sai ya zabura. Waɗanda aka yanke wa kisa, ba na haɗa wahalarsu da ta kowa, mutum ya kwana yana jiran a ɗaure shi a jikin durom ba wasa ba ne. Amma su duniya ta san da su, suna da lauya, suna da fayil, jaridu na bibiya. Irin su ɗan ƙanwata dubbai ne, an sallame su a ofis-ofis, kowa ya koma garinsu da layi biyu na sigina, ba wanda ya san adadinsu sai da aka zo dubawa.

Sai gaskiya ta fara fitowa daga bakin manya da kansu. A watan Yulin 2015, wajen bikin sallamarsa, tsohon babban hafsan tsaro Alex Badeh ya faɗa a bainar jama'a cewa rundunar da ya shugabanta ba ta da kayan yaƙin da take buƙata. Kafin shekarar ta ƙare aka kama tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Sambo Dasuki, ana tuhumarsa kan dala biliyan 2.1 na sayen makamai, zargin da ya musanta. Abin da yara suka faɗa aka kira shi bore, ga shi manya suna maimaitawa a gaban kyamara. A shekarar ce kuma kotun soja ta samu Birgediya Janar Enitan Ransome-Kuti da laifi kan faɗuwar Baga, ta ce a kore shi a ɗaure shi wata shida, daga baya Majalisar Sojan Ƙasa ta mayar da hukuncin rage muƙami zuwa kanar. Ban yi masa baƙin ciki ba, shi ma abin da ya ci yaran ne ya ci shi. Na dai lura cewa shi an yi watanni ana sauraronsa.

Da Laftanar Janar Tukur Buratai ya karɓi shugabancin sojan ƙasa a 2015, aka kafa kwamitin sake duba waɗanda aka kora, aka ce su hallara a Jaji. Ɗan ƙanwata ya zo ya same ni a gona. "Kawu, in je?" Na ce, "In ka je za su mayar da kai inda ka fito, ka sani. In ba ka je ba, har ka mutu korarre ne kai, 'ya'yanka ma za a gaya musu." Ya yi shiru yana tona ƙasa da ƙafa, sannan ya ce zai je. Ba takardata ce ta buɗe wannan ƙofa ba, canjin shugabanni ne ya buɗe ta. Amma ya gaya mini da aka tsayar da shi gaban kwamitin, abin da muka tsara a zaure shi ya jero musu ɗaya bayan ɗaya, aka duba aka ga lambar bindigarsa a rajista. A watan Satumba rundunar ta sanar da mayar da sojoji 3,032 bakin aiki, yana cikinsu, aka tura su Kontagora sake horo. A watan Disamba kuma aka sassauta wa 66 daga cikin waɗanda aka yanke wa kisa, aka mayar da nasu ɗaurin shekara goma.

Na ɗauka ƙanwata za ta yi murna. Ranar da ya zo sallama cikin sabon kaki, an sake tura su arewa maso gabas, ta bari sai da ya fita sannan ta juyo kaina. "Yaya, kai ka sa shi a aikin nan, Allah ya dawo mini da shi da ransa, ka sake zama ka rubuta takarda ka mayar da shi. Da ka bar mini shi da korarsa. Ɗan acaɓa ai yana kwana a gida." Na buɗe baki zan yi mata bayanin fansho da mutunci da abin da mutane ke faɗa, na ga ba wannan take tambaya ba, na ce ta yi haƙuri.

Yana nan a aiki har yanzu, igiyarsa biyu, ya yi aure, ba waccan yarinyar ba, wata daban. In ya samu fas gidana yake fara sauka kafin ya wuce wajen uwarsa, abin da ke ƙara ɓata mata rai. Ni da ita muna zumunci, ana biki tare ana suna tare, amma duk lokacin da aka ce an kai hari a wani sansani kuma wayarsa ba ta shiga, ba ta kiran kowa sai ni, kuma ba ta gaishe ni kafin ta fara magana.